Mita Goma Sha Biyu Sama da Rufi

A ƙauyen Minegishi, gindin Dutsen Karasu, babu wanda zai ce maka ya taɓa ganin Onose Kikue ta shanye kofin shayi a zaune. Za ta zuba, ta kurɓa sau ɗaya, ta tuna ba ta duba ko ta kashe gas ba, ta yi zumbur ta tashi. Gas ɗin kuwa a kashe yake, kullum a kashe yake. Kafin ta dawo shayin ya huce, ta zubar, ta ɗora wani ruwan, ta sake kunna gas ɗin da za ta dawo dubawa anjima. Mijinta, kafin ya rasu, yakan ce ya fi sanin ƙeyarta da fuskarta, don kullum fita take yi daga ɗakin da ya shigo. Shekararta sittin da ɗaya, gajeriya ce, ba ta da jiki, muryarta ma ba wata babba ba. Amma 'yan fiffike hamsin masu gasar shawagi a sama, ƙarti majiya ƙarfi masu sheƙowa da gudu su faɗa daga kan dutse ko gezau, ita suke tsoro.

Ita dai ba ta taɓa tashi sama ba, ko sau ɗaya. An sha lallashinta a haɗa ta da wani gwani a ƙarƙashin fiffike ɗaya, ta ga yadda gonakin shinkafa suke daga can. Amsarta ba ta canzawa: duk wanda ya ga mutum rataye cikin jaka, kwance rub da ciki a ƙarƙashin yadi da sandunan ƙarfe, babu inji babu komai, ya ce abin ya ba shi sha'awa, to a duba kansa. Duk da haka, shekara talatin da takwas ke nan, duk gasar da aka yi a dutsen nan ita ce ke faɗin wanda ya ci.

Ba da niyya ta shiga ba. Tana da shekara ashirin da uku tana aiki a shagon wanke hoto na bakin tasha. A wancan zamanin, in aka ce wa 'yan gasa su bi ta kan gadar kogi, su juya ta kan hasumiyar rediyo, su dawo filin sauka, shaidar mutum ita ce 'yar kyamarar da ya ɗaure a ƙirji. In an sauka sai a tattaro fim cikin kwali a kawo mata. Nata ta wanke ta miƙa, shi ke nan. To, amma idon Kikue ba ya wuce abu. Ran nan tana miƙa hotuna sai ta ce wa shugaban gasa na lokacin, "Wannan fa bai kai gada ba. Dubi inuwar. Tun daga wannan gefen ya ɗauka ya juya." Mutumin ya dube ta, ya dubi hoton, ya cire hula ya sosa ƙeya. Washegari aka ajiye mata kujera a rumfar alƙalai.

Da kyamara ta kau, aka koma na'urar da ke rubuta sawun mutum a sama daƙiƙa bayan daƙiƙa, mutane suka ɗauka Kikue ta tafi da zamaninta. Ina! Tana daf da arba'in ta sayi kwamfuta, ta yi wata uku tana zaginta, har ta iya. Yanzu kowa ya sauka sai ya miƙa mata na'urarsa, ta juye sawun cikin manhajar lissafin maki, manhajar ta zana tafiyarsa a kan taswira: inda ya hau, inda ya juya, inda ya sauka.

Sannan akwai rufi. Samanmu ba namu ba ne mu kaɗai. Jiragen sansanin sojan da ke gabas ta kan kwarin nan suke gangarowa, don haka tun da daɗewa aka yi yarjejeniya: daga ƙasa zuwa mita dubu ɗaya da ɗari biyar na 'yan fiffike ne, abin da ya yi sama na jirage. Ba a ganinsa, ba a taɓa shi, amma kowa rufi yake ce masa. Wanda ya fasa shi, ko da kamu ɗaya ne, manhaja za ta ja jan layi a sawunsa, makinsa na ranar ya zama sifili. Kikue ta maka wa zakarun ƙasa sifili. Ta maka wa ɗan ƙanwarta. Ta taɓa maka wa wani likita da ya tsaya bakin rumfa yana ihu har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ita kuwa tana ta goge tebur. Da ya tsaya jan numfashi ta ce, "Likita, ka gama? Akwai mutane a bayanka."

Na'urar da ke gaya wa mai fiffike tsayinsa da nauyin iska take aiki, nauyin iska kuwa kowace rana da nata. Shi ya sa kowace safiyar gasa, ƙarfe takwas, Kikue ke buga waya ofishin hasashen yanayi, a faɗa mata lambar ranar, ta rubuta a littafinta, sannan ta fita ta rubuta ta ɓaro-ɓaro a farin allon da ke jikin rumfa. A da kowa sai ya zo gaban allon nan ya saita na'urarsa da hannu. Yanzu na'urorin samari da kansu suke saita kansu, allon ko kallo bai ishe su ba. Mutum ɗaya ne ya rage.

Hanawa Genzo ke nan, ɗan shekara sittin da tara, tsohon direban bas ɗin ƙauye. Shekara talatin da biyar yana tuƙi bai taɓa ƙuje ko madubi ba, kuma yadda yake tuƙi haka yake tashi sama. Da iska ta ɗan nuna gardama sai ya gangaro ya sauka, ya naɗe fiffikensa tsaf, ya nemi inuwa yana cin curin shinkafarsa yana jiran masu zuciya su dawo. Samari na kiransa Bas ɗin Ƙarshe, don in ma ya iso, sai kowa ya watse. Shekara talatin yana shiga gasa, bai taɓa zuwa na ɗaya ba ko na yini guda. Na'urarsa tsohuwa ce mai nauyin bulo, an naɗe mata gefe da salatif. Ya saita ta ta yi ƙara in saura mita talatin ya taɓa rufi, amma ya ce shi kansa bai san yadda ƙarar take ba, tunda bai taɓa hawa inda za ta yi ba. Tun Kikue tana shagon hoto yake ce mata Kiku-chan, kamar wata ƙanwarsa, ba Onose-san na girmamawa da kowa ke ce mata ba, kuma shi kaɗai take ƙyalewa.

Bana likita ya ji wani abu a zuciyar Hanawa da bai gamshe shi ba, 'yarsa Natsue ta ce an gama. Da ƙyar da jiɓin goshi ya roƙi gasar kaka, kwana biyu, Asabar da Lahadi. Ta yarda, da sharaɗin ita za ta kawo shi ta mayar da shi, kuma ranar Lahadi fiffiken ba zai bi su gida ba. Kowa a filin ya san da wannan, kowa ya yi kamar bai sani ba. Ranar Asabar ya sauka a rabin hanya cikin wata gonar da aka girbe, kamar yadda ya saba.

Ranar Lahadi gari ya waye tangaran. Ƙarfe takwas Kikue ta buga waya, aka ce mata 1021, ta maimaita, ta rubuta a littafi. Ta ɗauki alƙalamin allo ta fito. Ba ta kai ga allon ba sai ga tsohuwa Iizuka, mai gonar kanyar da ke maƙwabtaka da filin sauka, ta taho tana dogara sanda tana kumfar baki.

"Onose-san! Wane marar mutunci ne ya toshe min hanya da mota? Ta sama zan bi in shiga gonata, ko ni ma fiffiken za ku ba ni?"

"A yi haƙuri, Kaka, yanzu za a janye."

"Bara ma haka kika ce. Kanya ta nuna, tsuntsaye na ci, ku kuna wasan yara!"

Filin sauka rabinsa na tsohuwar nan ne, in ta murtuke fuska gasa ta tashi. Kikue ta cusa alƙalami a aljihu, ta rusuna, ta sake rusunawa, ta bi layin motoci tana cigiyar mai farar mota. Ta same shi a banɗaki. Tana dawowa aka ce rediyon kan dutse ba ya amsawa. Tana gyara wannan aka ce abincin rana bai cika ba, saura biyu. Ga a-kori-kurar da ke hawa da mutane kan dutse ta tayar tana ta hon. Kikue ta zo wucewa da gudu-gudu, kwalin ruwa a hannu, sai ta ji an ce:

"Kiku-chan, lambar ke nan?"

Hanawa ne tsaye gaban allo, tabarau a kan hanci, na'ura a hannu.

"Abin da ke allo shi ne!" in ji ta, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ranar nan iska ta yi abin da ba ta yi sai shekara-shekara. Rana ta dumama gonakin da aka girbe, ɗumin ya riƙa tashi sama yana ɗaukar duk abin da ya samu, fararen gizagizai suka jeru kamar an shanya su a igiya. An yanka wa 'yan gasa tafiyar kilomita sittin. Kikue tana rumfa ta kasa zaune ta kasa tsaye, yadda take yi duk ranar da mutanenta ke sama. Ta leƙa waje, ta dawo, ta gyara wayoyin kwamfuta, ta ƙirga sunaye, ta sake leƙawa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma sai ta ga ƙafar na hamsin ta taka ƙasa hankalinta ke kwanciya.

Biyu da rabi ta gota aka ji wani ya ƙwala ihu, "Ga na farko nan!" Wani ɗigo ya ɓullo ta bayan tudu. Aka ɗaga madubin hange. Sai mai madubin ya sauke shi, ya goge da riga, ya sake ɗagawa.

"Kai, ku zo ku gane min. Ruwan lemo ne da kore."

"Haba! Fiffike mai ruwan lemo da kore ai guda ɗaya ne a ƙasar nan."

"To shi ne. Bas ɗin Ƙarshe ne!"

Filin ya ruɗe. Hanawa ya tsallake layin ƙarshe, ya kewayo a hankali kamar mai shiga tasha, ya dire a kan ƙafafunsa, sannan ya durƙusa cikin ciyawa yana dariya. Natsue ta ruga, rabi faɗa rabi kuka. Sai bayan mintoci samari suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sauka sai ya riƙe baki.

"Hanawa-san, yau birki ne ya tsinke?"

"Tsoho, gaya mana gaskiya, a ina ka ɓoye injin?"

"Ku dai ku koyi tashi da wuri," in ji shi. "Bas ba ya jiran malalata."

Da kansa ya kawo na'urar rumfa, ya miƙa da hannu biyu. Fuskarsa ta yi ja, gashinsa ya manne da gumi.

"Kiku-chan, ta yi ƙara! Yau na ji ta. Ashe kamar kukan ɗan tsako take. Ina ji na karkata na bar wurin, kada ki ce ban ji magana ba."

"Je ka sha ruwa, Hanawa-san, kafin 'yarka ta cinye ni."

Ta ji daɗi, daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba, har ta kama kanta tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ƙarfe huɗu duk na'urori sun shigo. Ta juye su. A manhajar akwai ɗan akwatin da ake sa lambar nauyin iska ta ranar, da ita ake auna tsayin kowa. Ta buɗe littafinta, ta kwafi 1021, ta danna. Sawu hamsin suka bazu a kan taswira, shuɗi-shuɗi, kamar zaren da mage ta yi wasa da shi. Guda ɗaya ne da ja a jikinsa, ɗan guntu, a saman gadar kogi. Ta matso da fuska. Hanawa Genzo. Mita goma sha biyu sama da rufi, daƙiƙa goma sha huɗu.

Ta ce na'urarsa ce ta tsufa. Ta cire waya ta sake juyewa, ja. Ta kashe kwamfutar ta kunna, ja. Kanta ya ɗaure. Mutumin da ya ce yana jin ƙara ya juya, ƙarar kuma tana yi tun saura mita talatin, yaya za a yi ya wuce? Ta fita ta sha iska ko kanta zai warware. Tana juyowa za ta koma, idonta ya sauka kan allo.

1016. Rubutunta ne, na jiya.

Ta sa hannu a aljihu, ta ji alƙalamin yana nan inda ta cusa shi da safe. Lissafin ba wuya gare shi ba, ta yi shi tana tsaye: tazarar lamba biyar tsakanin ta jiya da ta yau, kowace ɗaya kusan mita takwas, mita arba'in ke nan. Tun safe na'urar tsohon take yi masa ƙarya, tana ce masa yana ƙasa da inda yake da mita arba'in. Lokacin da ta yi ƙara, ya riga ya fasa rufin. Kuma ya tambaye ta. Ya ga lambar irin ta jiya ce, ya kira ta ya tambaya, ita ce ta ba shi amsa da ƙeya.

Ta koma ciki ta ja ƙofa. Ta tsaya gaban kwamfutar, ta goge 1021, ta rubuta 1016, don kawai ta gani. Jan ya ɓace. Jerin sunaye ya juya, Hanawa Genzo ya hau can sama, maki dubu cif. Ba wanda ya faɗi saboda haka, sauran duk sun ƙara nisa da rufi ne ma. Ta zura wa sunan ido. Ta ɗauki tsumma ta goge teburin da ba shi da datti. Ta je taga, ta hango shi zaune kan ciyawa, samari sun kewaye shi, yana nuna musu da tafin hannu yadda ya karkata. Ta dawo. Ta sake zuwa taga.

A haka Nemoto, shugaban gasa, ya turo ƙofa. Mutum ne mai sanyin hali, mai sayar da taki da iri a gari, ba ya son abin da zai ɓata wa kowa rai.

"Onose-san, mutane na jira. Lafiya na gan ki haka?"

Ta nuna masa littafi, ta nuna masa allo ta taga, ta sa lambar gaskiya ya ga jan, ta sa ta jiya ya ga ya ɓace. Nemoto ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana murza goshi.

"To ai," ya ce, ya rage murya, "abin da ke allo shi muka ba mutane. In kin bar ta allon, wa zai ce kin yi ƙarya? Littafin nan wa ke buɗe shi in ba ke ba?"

Abin da take ta faɗa wa kanta ke nan tun ɗazu, amma da ta ji shi a bakin wani sai ya yi mata wari.

"Jiragen soja da lambar allona suke tashi?"

"Haba, mita sha biyu fa. Ko tsawon motar haya biyu."

"Wanda na ba sifili shekara uku da suka wuce mita bakwai ne. Ɗan ƙanwata, huɗu. Har yau uwarsa ba ta sakin fuska in ta gan ni. Me zan ce musu?"

"Ba sai kin ce komai ba."

"Nemoto-san, soke yinin. Laifin masu shirya gasa ne, ka soke shi gaba ɗaya, kada kowa ya samu maki."

Ya girgiza kai. "Doka ta ce kowa shi ke da alhakin na'urarsa, ke kika rubuta ta da hannunki. Mutum arba'in da tara sun yi tafiyarsu daidai, wasu tun daga Kyushu, can kudu mai nisa, suka zo. In soke musu? Kuma ko na soke, me tsohon ya samu? Na ɗayan nasa ya tafi duk da haka."

Ya ƙi tata, ta ƙi tasa. Ya miƙe, ya tsaya bakin ƙofa, ya ce, "Kwamfutar a hannunki take," ya fita.

Kikue ta mayar da 1021. Firinta ta turo takarda, sunan Hanawa a can ƙasa, sifili a gabansa. Ta ɗauki biro ta rubuta a ƙarƙashi: "Ban canza lambar allo yau da safe ba. Hanawa-san da lambar da na ba shi ya saita na'urarsa. Laifin nawa ne. Onose Kikue."

Abin da ya dace shi ne ta je ta ja shi gefe ta gaya masa tukuna, ta kuma san haka. Ta fita da niyyar yi. Ta kai rabin fili, ta ga Natsue tana ɗaukarsa hoto a gaban fiffiken, ya ɗaga yatsa ɗaya sama yana washe baki, ta juyo. Ta sake gwadawa, ta tsaya wajen famfo tana wanke hannun da ba abin da ya taɓa. Matar da ba ta taɓa tsoron idon kowa ba, ranar nan tsoro ya kama ta, ta yi abin ragwaye: ta je ta manna takardar a jikin allo, ta koma gefe ta tsaya.

Mutane suka taru suna ture-ture da raha. Rahar ta fara mutuwa daga gaba, tana bin baya, har filin ya yi tsit. Aka dare aka ba Hanawa hanya. Ya laluba aljihu ya fito da tabarau, ya ɗora a hanci. Daga sama ya fara dubawa, yana murmushi. Yatsansa ya riƙa gangarowa, murmushin yana raguwa, har ya kai ƙasa. Ya karanta rubutun biron. Ya sake karantawa. Ya ɗaga kai ya dubi lambar da ke allo.

Kikue ta matso gabansa ta rusuna, rusunawa ta sosai, har tana ganin takalmansa da ciyawa ta manne musu.

"Hanawa-san, na cuce ka. Ka tambaye ni, ban tsaya ba. Ba ni da abin cewa."

Natsue ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Kiku-chan, ɗago. Ba ni alƙalamin nan."

Ta ɗago, ta ciro alƙalamin allo daga aljihu ta miƙa masa. Ya cire murfin da haƙori. Ya dafe takardar da hannun hagu, ya bi rubutunta layi-layi yana shafewa da baƙi, har sunanta, sai da ba a iya karanta ko harafi ɗaya.

"Hanawa-san, gaskiya ce fa na rubuta."

"Na sani. Amma sifilin nan nawa ne." Ya yi gyaran murya. "Shekara talatin ina kallon yaran nan suna fitowa daga rumfarki suna zage-zage, ina cewa a raina, ko yaya mutum ke ji ya hau har a hukunta shi? Yau na hau. Sai ki zo ki rubuta a ƙasa wai kuskuren allo ne? Ni na ji iskar nan ta ɗauke ni, ni na ƙi sakinta. Kada ki ƙwace min."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ta maƙale masa. Hanawa ya juya ya dubi samarin.

"Me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin ɗan ta'adda ba? Ku tafa wa wanda ya ci mana!"

Aka tafa, tafi mai sanyi. Aka ba da kyaututtuka, kwandon kanya da buhun sabuwar shinkafa. Kikue ba ta san yadda aka yi aka gama ba. Da ya zage ta a gaban mutane da ta fi samun sauƙi, ta so ya yi, ya hana ta. Ta koma rumfa tana mayar wa mutane na'urorinsu, kowa ya karɓa sai ya sunkuyar da kai ya fita, ba mai tsokanarta yau. Ta taga ta ga wasu samari biyu sun ɗauki doguwar jakar fiffiken ruwan lemo da kore sun ɗora a kan wata mota da ba ta su Hanawa ba. Shi kuwa yana tsaye, hannu a baya, yana gaya musu yadda za su ɗaure.

Rana ta kusa taɓa dutse, filin ya fara yin fayau, sai ta ji hon a bakin rumfa. Motar Natsue ce. Tsohon yana gefen direba, ya sauke gilashi. Kikue ta fito da na'urarsa, ta miƙa masa ta taga. Ya karɓa ya ɗora a cinya. Yanzu da babu 'yan kallo fuskarsa ta zube, ya koma tsoho sosai, idanunsa sun yi ja. Ya riƙa shafa salatif ɗin da babban yatsa.

"Kiku-chan."

"Na'am."

"Takarda ba ta faɗa ba. Ke kin ga sawun. Na riga su isowa, ko?"

"Ka riga su."

"Da nawa?"

"Minti huɗu da daƙiƙa ashirin. Ba wanda ya kama ƙafarka tun daga gada."

Ya gyaɗa kai a hankali. Natsue ta kai hannu ga makulli, ya dafe mata hannu.

"Sake faɗa. Yarinyar nan ba ta ji ba."

Natsue ta ji sarai, ta kau da fuska tana kallon ɗaya tagar. Kikue ta sake faɗa. Sai da ta faɗa sau uku kafin ya bari aka tayar da motar.